Kwanikar Mubaraka

Dauran,
13 ga Agusta, 2000.

Zuwa ga Kaka Sanda, tsohon ma'aikacin reluwe, Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta barin ka zuwa ko'ina sai gidan da ake rabon nama. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya zauna, gero ya wuce kan mutum. Baba da Inna suna lafiya. Ba su san na rubuto ba, kuma kada su sani. Mairama mai daddawa ce za ta miƙa maka wagga takarda in ta zo cin kasuwar Kaura. Na zaɓe ta ne don ba ta karatu.

Kai da kakana 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma tun ina rarrafe kake ce mini matarka. To yau matarka ta zo da magana wadda ba ta iya faɗa wa uwar da ta haife ta.

Ka san an dawo da ni gida goyon ciki, na haihu cikin azumi, kuma har yau ina nan ban koma Shinkafi ba. Shi kuma mai gidan, bayan suna ya bi tirelar shanu zuwa Legas, kowa ya san yana can. Abin da ba a sani ba shi ne ya zo. Lokacin noman fari ne. Motarsu ta kawo kaya Zurmi za ta juya, sai ya sulale ya iso Dauran da hantsi, gida duk an watse gona, daga ni sai 'yar nan. Ta bayan darni ya shigo, kafin azahar ya fita ta inda ya shigo. Ya roƙe ni kada in faɗa, don ka san abin kunya ne suruki ya shiga gidan surukai wurin mai goyo, ga shi ko mahaifiyarsa bai je ya gaisar ba.

Kaka, wata na biyu ke nan ban ajiye salla ba. Ƙamshin daddawar Mairama ma tayar mini da zuciya yake yi.

Da kwanika ce kaɗai, ciki a kan goyo, da na daure a yi mini waƙa a bakin rijiya a gaji. Amma 'yar nan ko zama ba ta gama iyawa ba, kuma tsofaffi sun ce nonon mai ciki kashe yaro yake yi. Sannan babu wanda ya ga zuwansa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa a Dauran ya zama alƙali, mata har da yatsu suke lissafa wa mutum watanni.

Na ji an ce a Kaura akwai kemis da ke sayar da maganin da ke zubar da shi tun bai yi ƙwari ba. Kai tsoho ne, ba mai tambayarka. Ka saya ka ba Mairama a ƙulle, ka ce na ciwon kai ne. Ba ni da kowa sai kai.

Jikarka,
Mubaraka.

*

Kaura Namoda,
16 ga Agusta, 2000.

Zuwa ga matata ta Dauran, wadda ta bar ni da kwano ba miya ta auri mai bin shanu.

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, tana gaishe ki. Mun shirya ni da ita: ba na tambayarta nisa, ba ta tambayata tsani. Ki shafa mini kan Nusaiba. Ke al'ada ta hana ki kiran sunan ɗiyar fari, ni ba abin da ya hana ni.

Takardarki ta same ni a bakin tasha, inda muke zama mu tsofaffin reluwe muna jiran jirgin da ya daina zuwa sai ya ga dama. Da na karanta mijinki Bilyaminu ya ratsa darni, da ƙibarsa, na yi dariya har abokan zama suka ce in karanta musu. Na ce labarin akuya ne. Da na kai ƙarshe sai na ninke ta na tafi gida.

Ba zan saya ba, Mubaraka. Gara in faɗa miki da wuri, ki yi fushinki, sannan ki zauna ki ji ni.

Lokacin da nake ɗakin kaya na tashar nan, tarago kan zo a rufe da hatimin darma, sunan mai kaya an rubuta da alli a jiki. Da damina ruwa kan wanke sunan. Sai ka ga tarago tsaye, ba a san na wa ba ne, ya tare hanya, manyanmu na faɗa. Ba mu taɓa fasa shi ba, ba mu taɓa tura shi rami don mu huta ba. Mukan janye shi gefe mu sa mai gadi har mai shi ya zo, don ba namu ba ne, ajiya ce. To abin da ke jikinki ba ke kika rufe shi ba, ba ke kika zuba abin da ke ciki ba. Kuma ko sunan ma bai goge ba, kin san ubansa, da sadakinsa da shaidunsa.

Ki duba wani abu. Mutum uku ne cikin maganar nan. Biyu sun yi hirarsu da hantsi. Na ukun bai ratsa darni ba, bai ɓoye wa uwarsa zuwansa ba, bai san akwai rijiya a Dauran ba balle matan da ke bakinta. Shi ne kuma kika ce a hukunta. Na zauna kotu kallo sau da yawa, don ni mai son labari ne, ban taɓa ganin an saki masu magana an kama wanda bai iya magana ba. Kina cewa bai yi ƙwari ba. Ni ma da haka na fara, ke ma haka, liman ma haka. Ba wanda aka fara shi da gemu.

Na je wurin wani malami a unguwarmu, na kawo masa zancen kamar tatsuniya, da sunan wata mata a wani gari. Ya ce macen da ke da aure cikinta na mijinta ne, ko yana bayan teku, in dai bai tsaya ya kore shi da bakinsa ba. Ya ce shari'ar da kike tsoro ba ta da hannu a kanki, amma tana da magana a kan wanda ya taɓa cikin. Ashe kina gudun abin da ke tsare ki ne.

Maganin kuma na san shi ta bakin waɗanda suka ɗauko mata daga ƙauyuka cikin amalanke, jini na bin tabarma. Wasu an koma da su a zaune, wasu a kwance. Kina so in sa hannuna in ƙulle miki wannan in ce na ciwon kai ne?

Ga abin da zan yi. Ranar Alhamis zan shiga kasuwar Shinkafi in ga Nuhu, ƙanen uban Bilyaminu, in nemi hanyar aika wa yaron nan. Da bakinsa ya yi ɓarna, da bakinsa zai gyara. Ki ba ni lokaci kaɗan. Ki ci abinci ko ba ki so.

Mijinki na fari,
Sanda.

*

Dauran,
27 ga Agusta, 2000.

Zuwa ga Kaka Sanda.

Assalamu alaikum. Na gode da gaisuwa. Mu nan da sauƙi, ban da 'yar nan da ke zawo tun ranar Talata, idonta ya faɗa.

Na karanta labarin taragonka. Tarago ba ya girma, Kaka. Ba ya ɗaura zane ya je rijiya a bi shi da kallo. Kuna janye shi gefe, ni ina za a janye ni?

Na yarda alƙali zai sake ni. Wa zai sake ni a Dauran? Ka manta wane ne Baba. Yana cikin waɗanda suka tafi Gusau ranar ƙaddamarwa, ya dawo muryarsa a dishe don kabbara. Yanzu shi ke gaba in za a je yi wa wani nasiha. In magana ta tashi a kaina, shi zai fara kama hannuna ya kai ni, don kada a ce ya rufe na gidansa. Kafin malaminka ya buɗe littafi an gama da ni. Ko daga baya an ce ba ni da laifi, yaron zai tashi ana nuna shi da baki.

Jiya Inna ta sa na tatsa nono a ludayi ta jefa tururuwa a ciki, yadda ake gwadawa. Tururuwar ta yi ta juyi, ta tsaya, ta mutu. Inna ta dube ni ta daɗe, ta zubar, ta wanke ludayin. Da ta yi faɗa da ya fi mini. Ka ga ke nan ba ɗaya nake zaɓa wa ba. Wadda ke hannuna tana kallona, tana kuka, na san fuskarta.

Kada ka ɗauka ba na jin sa. In na sunkuya wurin murhu nakan tarar da hannuna a kan marata ban san na kai shi ba. Na ma yi mafarkinsa, namiji, da kunnuwan ubansa. Da an bar ni ni kaɗai a duniya da na haife shi na goya su biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

Na ba ka zuwa yankan gero. Daga nan mata za su taru sussuka, ana ɗaurin ƙirji, ba abin da zai ɓoyu. Amma ka yi mini alkawari biyu. Kada ka zo Dauran, don tsoho mai ciwon gwiwa ba ya zuwa ƙauye tsakiyar damina ba dalili, za a tambaya. Kuma kada ka faɗa wa kowa a Shinkafi sai shi mai gidan ya amsa da kansa. In ka faɗa ya zo ya musa, ka kashe ni.

Mubaraka.

*

Kaura Namoda,
9 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga Mubaraka, mai gardamar da ta gado wurin kakanta.

Wa alaikumus salam. Yaya jikin Nusaiba? Ki dafa ruwa ki sa gishiri kaɗan da sukari ki riƙa ba ta, kuma ki sa innarki Balaraba ta raka ki asibitin Zurmi. Kada ki cire ta daga nono. Na tambayi wata ungozomar asibiti da ke maƙwabtaka da mu, ta ce damina ce ke kawo zawo, ba ƙane ba. Zancen tururuwa kuwa, na gwada da kaina. Na jefa ɗaya a kununa na safe, ta mutu. Na jefa wata a ruwan alwala, ita ma ta bi ta. Ban ji an ce ina da ciki ba.

Na amsa alkawuranki biyu, ko da yake sun ɗaure mini ƙafa fiye da gwiwa.

Alhamis ta farko ruwa ya hana ni fita, ta biyu na tafi. Na sami Nuhu a kara, wurin cinikin shanu, yana dillancin wani bijimi da ya rantse ɗan shekara uku ne, alhali bijimin ya girme ni. Muka gaisa, muka zagaya ta kan damina da tsadar taki da waɗanda suka mutu, kamar yadda ya kamata. Da la'asar ta gabato na ce ina neman ɗansu da wata 'yar magana ta gida. Ya haɗa ni da direban da zai ɗauki shanu zuwa Legas. Na ba shi takarda a liƙe. Ban yi wa yaron kwana-kwana ba, na rubuta masa abin da ya bari a Dauran da abin da ake shirin yi da shi, na ce ya amsa da motar da ta kai masa.

Daga nan na ce bari in leƙa in gaida surukarki Tani, kada ta ji na shigo gari. Na same ta tana tsinke zogale tana mitar ɗanta, wai Legas ta cinye shi, ko sabulu sai ta aika. Sai shaiɗan na tsofaffi ya taɓa ni, na ce ko ya ɗan leƙo ne da damina ba ta gan shi ba. Ta ajiye faranti.

"Wa? Bilya? Wallahi ƙafarshi ba ta taka ƙasar Zamfara ba tun ranar suna. Wanda duk ya ce ya gane shi, aljani ya gani. Ko gaban alƙali ni ka faɗin haka."

Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Na ce a raina, baiwar Allah, aljanin naki ya bar shaida a Dauran.

Yanzu ki ji ni kan yaron da kika ce za a nuna da baki. Na tsufa a garin nan, na ga waɗanda aka nuna da baki. Wani an ce ubansa ɓarawon shanu ne, yau shi ke limanci a bayan kasuwar hatsi. Wata an ce an tsince ta a tarago, jikokinta sun cika unguwa. Masu nunin sun gaji, sun sami wani sun nuna, yawancinsu ma sun mutu. Waɗanda aka nuna ɗin suna nan suna shan furarsu. Kin ce kin san fuskar Nusaiba, ba ki san tasa ba. Watanni kaɗan ne tsakaninku da sanin juna. Bara war haka ita ma ba ki san fuskarta ba, da wani ya ce ki ba da ita da kin yarda?

Ina da sauran magana, amma ga Mairama tsaye a kaina tana cewa motar mata ta cika za a bar ta. Ki riƙe, amsa na tafe.

Sanda.

*

Kaura Namoda,
26 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga Mubaraka.

Assalamu alaikum. Ina fata ke da Nusaiba da wanda ba mu gani ba tukuna kuna lafiya. Ban ji daga gare ki ba. Mairama ta daina zuwa kasuwa, na tambaya aka ce ɗiyarta ta haihu a Banga ta tafi zaman jego.

Albishirinki. Amsa ta zo. Mijinki ya cika shafi guda da gaisuwa, har kajin gidana ya gaisar, sannan can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ya ce shi ne, ya zo, cikin nasa ne, kuma duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Ya ce kunyar babanki Shehu ce ta hana shi, amma in ta kama zai zo ya tsaya gaban Dauran duka ya nuna inda ya ratsa. Ya ce a gaya miki kada ki ɗauki abu mai nauyi.

Tunda ya amsa, na koma Shinkafi na faɗa wa Nuhu. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin kashin shanu. Tani ta yi salati, ta zagi ɗanta, ta zagi direban da ya kawo shi, sannan ta tashi ta fara neman zanen goyo a adaka. Na ce wa Nuhu mu tafi Dauran gobe. Ya ce a'a, irin wagga magana ba a kai ta hannu sake, sai an sami goro mai kyau, an kira wani dattijo na dangi, an bari surukai sun gama yankan gero don a same su gida. Na matsa, ya ce ni da na fi kowa sanin al'ada yau ni ke gaggawa. Ban iya gaya masa dalili ba. An sa Juma'a, shida ga watan gobe.

Takardar nan ban san wa zan ba ba. Direbobin hanyarku duk maza ne, kuma namiji ba ya miƙa wa matar aure takarda, sai dai ya ba Shehu a ƙofar gida. Shehu kuwa yana karatu. Na yi tunanin in hau mota in zo, sai na tuna alkawari, na ce kuma abin da ya rage kaɗan ne, kada in ɓata da ƙafata abin da ya riga ya gyaru. Za ta zauna a aljihuna har Mairama ta dawo.

Na ga an fara shigowa da sabon gero kasuwa. Ban ji daɗin ganinsa ba.

Sanda.

*

Dauran,
4 ga Oktoba, 2000.

Kaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. 'Yar nan ta warke, an ba ta magani a Zurmi kamar yadda ka ce, har ta fara rarrafe. Mairama ta dawo, gobe za ta shigo Kaura.

Ka daina wahalar da gwiwarka. Babu abin da za a je nema Shinkafi.

Na karanta abin da mahaifiyarsa ta ce, na karanta har na haddace. Kai ka ji abin dariya. Ni na ji uwar miji ta rantse za ta tsaya gaban alƙali ta ce ɗanta bai zo ba. Na san shi, bai taɓa musa wa uwarsa magana ba ko a kan gishirin miya. Na ce in ta riga ta rantse, ba zai mayar da ita maƙaryaciya saboda ni ba. Na jira takardarka ta gaba. Aka yanke gero, aka ɗaure, aka sa ranar sussuka a gidanmu, ba ka ce komai ba. Na ɗauka amsar ta zo ne ka rasa yadda za ka faɗa mini.

Ranar da muka koma asibiti da 'yar nan, Inna ta tsaya sayen manja, na bi wata mata da aka kwatanta mini a bayan tasha. Ba sai na faɗa maka sauran ba. Kwana biyu ina murƙususu, na ce wa Inna ciwon mara ne. Ta dafa mini ruwan zafi, ta wanke zannuwan da kanta, ta shanya su cikin ɗaki. Har yau ba ta tambaye ni ba.

Ka ce ban san fuskarsa ba. Na gan ta. Bai kai tafin hannuna ba, amma an gama yi masa yatsu, har na ƙafa. Namiji ne. Ban san haka yake ba, Kaka, matar ta ce gudan jini ne kawai. Na yage gefen kallabina na naɗe shi.

An yi sussuka, na ɗaura ƙirji cikin mata, ba wadda ta dube ni sau biyu. Abin da na so ke nan, na samu. Ina salla, amma in na zo addu'a ban san me zan ce ba.

Kada ka yi mini wasa a amsarka.

Mubaraka.

*

Kaura Namoda,
7 ga Oktoba, 2000.

Mubaraka,

Wa alaikumus salam. Na dawo gida lafiya daga Dauran. Na ji daɗin ganin Nusaiba da aka fito da ita zaure, ta yi kumari.

Ranar Alhamis Mairama ta miƙo mini takardarki da hannun dama, na miƙa mata tawa da na daɗe ina ɗauke da ita, har na ce ta yi sauri akwai albishir a ciki. Sai da ta ɓace cikin kasuwa na buɗe taki. Na bi ta tasha da sandata, motar ta tashi. Ke nan kin karanta amsar mijinki a daren da ya kamata a ce ba ki karanta komai ba. Ban san yadda kika kwana ba, kuma ba zan tambaya ba.

Abin da na faɗa miki a kan yaron nan ban janye ko kalma ɗaya ba. Rai ne, kin gani da idonki, kin fi ni sani yanzu. Ba zan ce miki ba komai, don kin wuce a yi miki ƙarya. Amma ba ke kaɗai za a tambaya ba. Akwai wanda ya ji kunyar surukinsa fiye da tsoron abin da zai same ki, da masu lissafi a bakin rijiya, da matar bayan tasha, da dattawan da suka tsaya neman goro. Akwai kuma tsohon da ya ji magana mai daɗin ba da labari ya kasa barin ta a Shinkafi. Ki roƙa wa kanki gafara, ƙofar ba a rufe take ba. In kin sami bakin yi ki sa da ni.

Ban hana su Nuhu zuwa ba, don ba ni da abin da zan ce musu wanda ba zai tona ki ba. Jiya da safe suka biyo ta Kaura suka ɗauke ni. Kina cikin gida, ba ki ji abin da aka yi a zaure ba, bari in gaya miki, don ya kamata ki sani.

Nuhu ya ajiye goro, ya zagaya ya zagaya, sannan ya ce sun zo ba da haƙuri ne, wani ɗan akuyarsu ya ratsa darni da damina ya yi ɓarna a gonar surukai, kuma sun zo su amsa cewa amfanin nasu ne. Fuskar Shehu ta ɗaure, na ce yanzu za a ji wa'azi. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ubanki, Mubaraka, wanda kika ce zai kama hannunki ya kai ki, dariya ya yi har yana share hawaye da bakin rawani. Ya ce shi dai tun noman fari yake gyaran wani wuri a darnin baya yana zagin awakin maƙwabta. Ya ce yara ne, Allah ya shirye su, ɗa kuma ba a mayar da shi. Aka fasa goro. Aka yi shawarar yaye Nusaiba in kin yi nauyi, dama Tani ta aiko cewa a kai mata. Nuhu ya ce in namiji ne sunan Shehu za a sa, don a biya shi darninsa.

Daga nan suka ce ni ne babba, in yi addu'a Allah ya raba lafiya.

Na ɗaga hannu, suka ɗaga. Na yi salati. Na buɗe baki in ci gaba, ba abin da ya fito. Suna ta jira, hannuwa a sama, har Nuhu ya leƙo fuskata. Ya ce tsoho ya gaji da hanya, a ba shi ruwa. Shehu ne ya karɓa ya yi ta, doguwa, ya roƙa wa jikansa albarka da ilimi da tsawon rai. Kowa ya shafa.

Nan da 'yan kwanaki dole a san babu cikin. Abin da za ki ce musu, da abin da za ki ce wa Bilyaminu in ya zo, ba ni da shawarar da zan ba ki, shawarata ta ƙare. Bakina dai a rufe yake.

Abu ɗaya nake roƙo. Kin ce kin naɗe shi, ba ki ce inda kika sa shi ba. Yanzu da aka san ni da hanyar Dauran, zuwana ba zai ta da tambaya ba. Ki kwatanta mini wurin. Ba zan yi abin da za a lura ba, zan tsaya ne kaɗan kamar mai hutar da ƙafa. Ɗan dangi ne, bai kamata a ce daga uwarsa ba wanda ya taɓa zuwa kansa ba.

Kakanki,
Sanda.